Neman Wuƙar Baba Mamman Kafin Ruwa Ya Iso

Wad Haddad

Ana idar da sallar asuba na saɓi jakata, ko shayi ban tsaya sha ba. Matata Zainabu ta biyo ni har zaure tana mita: "Auduga na jiran ban ruwa, kai ko ka tai biɗar wuƙa!" Na sa kai na fita, ko da yake gaskiya ta faɗa.

A ƙauyenmu Wad Haddad ba mai kirana Haruna, sai Abu Sakakin, wato uban wuƙaƙe. Ina da ta damtse irin ta makiyaya, da mai ƙotar ƙaho, da ƙanana masu naɗewa da muke kira maɗwa. Abu ɗaya na rasa: ƙirar Baba Mamman, tsohon maƙerin wani ƙauyen Hausawa a kudu da Damazin. Kullum sai in ce sai bayan girbi. Kwatsam sai ga labari an ƙara wa madatsar ruwan Damazin tsawo, za a ta da ƙauyen, tsohon kuma ya ce ba zai hura wuta a sabon wuri ba. Tun ranar zama ya gagare ni.

A tasha na tambayi direba yaushe za mu tashi. Ya ce, "In ta cika, ya zol," wato mutumina, da Larabcin ƙasar nan. Saura kujera ɗaya, na biya kuɗinta, jinai goma, don kawai mu motsa.

Abu Hujar

Bayan Sinja taya ta fashe, ba mu shiga Abu Hujar ba sai la'asar sakaliya, motocin Damazin duk sun tafi. Dole na sauka gidan yayata Hauwa. Ta kawo kisra, wainar dawa mai faɗi marar kauri, da miyar busasshiyar kuɓewa, ta zauna tana kallon yadda nake karkaɗa ƙafa.

"Ƙanena, ba ganina ka zo yi ba, mota ce ta yasshe ka."

"Haba Yaya."

"Ci dai. Ruwan ba ya cinye maƙerin kahin sahe."

Ta yi dariyarta. Ni kuwa loma uku na yi na wanke hannu.

Damazin

Kafin shiga gari akwai shingen bincike. Wani soja ya zazzage jakata, ya laluba aljihuna, ya zaro maɗwar da nake yawo da ita kullum, wadda nake yanka igiya da kankana. Ya juya ta, ya ce da Larabci za ta zauna wurinsa, in na dawo in karɓa. Na yi magiya, ko kallona bai yi ba. Tun da na yi wayo ban taɓa tafiya ba wuƙa a jikina ba. Hannuna ya yi ta komawa aljihu yana dawowa wayam.

Daga kasuwa na hau bayan a-kori-kura, tsakanin buhunan gishiri, muka nausa kudu.

Ƙauyen Baba Mamman

Na tarar rabin gidaje an kware musu jinka, mata na ɗaure tukwane, jakuna na kai da kawo. A ƙarƙashin wata rumfa na sami tsohon, siriri, duk hannunsa tabon wuta. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ke tafe da ni.

Ya miƙo tafin hannu. "Ina ƙarhenka?"

"Kuɗi na zo da su, Baba."

"Mu ba mu saida ƙarhe, ɗana. Tun kakanni, mai wuƙa shi ka kawo ƙarhen gidansu, tsohuwar hauya ko lauje. Namu wuta da hannu. Wuƙar da ba ta san gidanka ba, wata rana kai za ta yanka."

Gatarin mahaifina da tsofaffin fartanyu na can jibge a gindin rumbu, tsatsa na ci. Maɗwar da za ta fisshe ni kuma tana hannun soja. Na ce zan koma in ɗauko. Ya ce gobe da hantsi lori zai zo kwasar kayansa. Na zagaya ƙauyen kamar mahaukaci, wata baiwar Allah ta ba ni guntun galma, ya duba ya ce na gidanta ne, ba na gidanmu ba. Na zauna a ƙasa, haushin kaina ya cika ni, har idona ya kawo ruwa.

Aka kawo wa tsohon tuwon dawa, ya ce in sa hannu. Da muka gama ya tashi ya ɗauko wani baƙin awartaki, wanda yake kama jan ƙarfe da shi.

"Wanga, kakana ya ɗauko shi tun daga Sakkwato, da ƙahwa. Ɗiyana biyu, guda na tuƙin keken haya mai taya uku Damazin, guda na Hartum. Ka ci tuwon gidanga, ka zama ɗan gida. Ga ƙarhen gidanku."

"A'a Baba! Da me za ka yi aiki?"

"Wane aiki?" Ya buge ƙusar tsakiya, awartakin ya rabe biyu. Ya cusa ɓari ɗaya cikin garwashi. "Kama zuga-zugi."

Na kama. Ina zugawa yana duka, yana riƙe da doguwar ƙafar ƙarfen da tsumma. Kafin rana ta faɗi ya fitar da 'yar wuƙa, tsawonta bai kai taƙi ba, ya sa mata ƙotar bagaruwa. Na zaro kuɗi, ya ture hannuna, ya ce ba a sayar wa ɗan gida. Sannan ya ɗauki butarsa ya tuttule ruwan a kan wutar. Ɗaya ɓarin awartakin yana nan yashe a ƙasa, ba abin da zai ƙara kamawa.

Komawa

Direban da ya dawo da ni ya sa wuƙar cikin kayan gyaran motarsa har muka wuce shinge, sojan kuma ya cika alkawari, ya maido min maɗwata. Bayan kwana ɗaya a hanya na iso gida da magariba, lafiya lau, alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Yaya Hauwa da direban nan da alheri. Baba Mamman kuwa, har yau ban san ko godiya zan yi masa ko gafara zan nema ba.

Washegari maƙwabcina Isa ya zo gani. Ya gwada kaifinta a gashin hannunsa, ya ce, "Ma sha Allah! Kwatanta min wurin, ni ma in tai a yi min irinta."

Na ce, "Babu wurin, Isa. Ni na zuga wutar ƙarshe."