Ranar da Ruwa Ya Yi Garau

Kullum da hantsi Baba Mai Fadama kan sa dogayen takalmansa na roba ya zaga kwaruruka ukun da aka haƙa a bayan gari, aka zuba tsakuwa, aka dasa kacalla. Duk ƙazantar magudanan gari nan take faɗawa baƙi ƙirin, saiwoyin ciyawar su tace ta, ta fito ta gangara lambunan mutane. Shekara ashirin da shida yana wannan aiki, jibi zai ajiye shi.

Wurin ba shi da daɗin zama. Kacallar ta fi mutum tsawo, tana raɗa ko babu iska. Shi kuwa Baba sai ya tsaya ya kasa kunne, har ake cewa da aljanun wurin yake hira. Oho dai! Kwaɗi yake saurare.

Wata rana da azahar ya ji tsit. Ya leƙa kwarin farko, ruwa garau, har ana ƙirga tsakuwa. Dodon koɗi ɗari bisa ɗari sun haye karan kacalla, sun daskare a sama. Nan take ya san wani ya tuttulo guba a magudana, ta kashe duk mai rai, kuma kafin la'asar za ta kai inda mata ke ban ruwa, 'ya'yansu na wasa a ciki.

Ya ruga zai rufe ƙofar da ke sakin ruwan zuwa lambuna, sai ta cije. Ya faɗa ciki har ƙugu, ya danne ta da ƙirji.

Shugabar masu lambu ta iso a fusace. "Haba Yaya! Yau da ruwa ya yi kyau kamar na randa za ka hana mu? Shukarmu fa ƙuna take!"

"Ƙanwata, ruwan kirki ba ya shiru haka. Janye 'yarki daga bakin nan."

Kwana tara ya tsare ƙofar ana zaginsa, yana kallon kacallar da ya rena da hannunsa tana rawaya, tana zubewa. Mai ɗakinsa ta ce yana kuka take ɓare masa takalmin, fata na biyo shi. Har yau ƙafafun ba su koma daidai ba.

Kai ne ka sha gubar gari da jikinka, Baba, katangar da ba a gode mata. Wallahi ni kunya nake ji, don da bakina aka zage ka. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri.

Ku kuma masu tasowa, in an ba ku amana, ku tsaya mata ko da zagi. Yarinyar da aka janye ran nan, ita ta raka shi asibiti makon jiya, tana tambayarsa me ya sami ƙafarsa. Ya ce mata sanyi ne.