Yarinyar da Ta Kulle Mana Aji

Na daɗe ina koyarwa a wata firamare a unguwar New Bell, yara sun bi ta hannuna ba adadi, amma akwai wata safiya da har in koma ga Allah ba za ta fita raina ba.

Lokacin rikicin yankin masu jin Ingilishi na ƙasarmu ya yi zafi, 'yan gudun hijira suna ta tsallako gadar Bonabéri zuwa garinmu da katifu da tukwane. Aka kawo mini wata yarinya 'yar Hausawan Bamenda, tana zaune wurin gwaggonta. Ba ta jin Faransancin da muke koyarwa da shi, Hausarta ma rabi Turancin Pijin ce. Yawanci shiru take. Amma wasu ranakun sai ta zo ba kayan makaranta, ta ƙi zama, ta ture duk wanda ya matsa kusa da taga.

Ran nan na fita karɓo alli, sai salansar wani babur ɗin haya ta buga a bakin titi kamar bindiga. Kafin in dawo ta danna sakata, ta tokare ƙofa da benci, ta sa 'yan ajin kaf sun kwanta a ƙasa. Wanda ya ɗago kai ta make shi. Darakta, shugaban makarantarmu, ya zo ya tsaya cikin ruwan sama yana yi wa ƙofa jawabi da Faransanci. Ƙofa ba ta amsa ba. Mai gadi ya zura hannu ta taga, ta gantsara masa cizo.

A taron malamai kowa ya kawo nasa binciken. Wani ya ce aljanu ne, wani ya ce ƙarancin bulala. Darakta ya ce kora. Na roƙa a bar ni in sa mata ido tukuna, ba duka, ba tsawa. Ya ce in ta sake cizon wani, ni da ita za mu kama hanya.

Da na lura, sai na ga abin ba ya tashi sai ran Litinin. Na bi ta har gida, na tarar tana tsince wa gwaggonta wake. Na tambaye ta me Litinin ta yi mata.

Ta dube ni kamar ni ce mai matsalar. "Madam, wa yake zuwa makaranta ran Litinin?"

Gwaggon ta ce, "Malama, can garinsu ranar ba a fita, 'yan tawaye sun hana. Wata Litinin suka je makaranta, 'yan bindiga suka shigo ajin, suka zane duk mai kayan makaranta, suka tafi da malaminsu. Har yau ba labarinsa."

Ashe duk zaton yarinyar ceton mu take yi.

Muka shirya ta riƙa zuwa da kayan gida ran Litinin, ta sauya a ofis in ta ga dama. Na mayar da ita kusa da ƙofa, na ce rufewa da buɗewa aikinta ne, amma sai na ba da izini. Wani lokaci takan firgita, sai mu fita tare mu leƙa titi, ta ga babur ne. A hankali ta daina neman mu leƙa. Tare da sauran ta ci jarrabawar fita.

Tun daga nan, in yaro ya yi abin da ya fi ƙarfin hankalina, ba na fara tambayar hukuncin da ya dace da shi. Nakan tambaya yaushe yake yin haka, kuma me yake tsoro.