Kujerar Bayan Jirgin Troels

Mijina Egon Thybo ya yi shekara arba'in yana gyaran jiragen yaƙi, bai taɓa tashi a cikin ko ɗaya ba. Duk sanda na faɗi haka a wurin shan kofi sai mutane su yi dariya. Ni kuwa ban ga abin dariya ba.

Ɗan manomin dankali ne daga yammacin yankin Jutland. Ya shiga sojan sama yana saurayi, aka sa shi bakanike. A wurinsu kowane jirgi da bakanikensa, kuma a ganinsu jirgin nasu ne, matuƙi aro yake yi. Kafin a tashi sai bakanike ya zagaya jirgin yana shafa shi da tafin hannu. In ya ce a'a, to a'a ce, ko sarauniya ce ta zo.

Matuƙin da aka fara haɗa shi da shi wani siririn laftana ne mai rawar kai, Troels Ravnholt. Wata rana Egon ya hana shi tashi saboda wata ƙara da shi kaɗai ya ji, aka buɗe injin aka tarar da ɓarna. Da yamma sai ga Troels a kicin ɗina yana cin burodi da kifi, yana cika baki.

"Gudrun, ki zama shaida. Sai na ɗora wannan mai taurin kan a kujerar baya, ya ga gonar ubansa ta sama."

Na zama shaida kuwa, har na yi furfura. Troels ya zama manjo, aka tura shi ƙasar waje. Ya dawo kanar, ya ce bari bazara ta zo. Bazarar ta zo ta same shi a ofis a Kopenhagen, babban birninmu. Egon ya yi ritaya ya koma gyaran tarakta, amma ya ƙi ajiye kaki, ya shiga sojojin ko-ta-kwana, waɗanda ke sana'arsu a gida sai an kira su. Ni na san abin da ya zaunar da shi, ko da yake ko sau ɗaya bai tuna wa Troels ba. Sai ni ke tuna masa alkawarin, duk Kirsimeti, har mutumin ya fara gudun wayata.

Daga baya aka ba Troels janar, aka ɗora shi a kan sojojin ko-ta-kwanan gaba ɗaya. Na kira shi na ce, "Yanzu kai ne shugabansa, saura wane uzuri? Mutumin nan ya kusa shekara sittin, suna cika za a karɓe kakin."

Wannan karon ya ji kunya. Aka sa rana, ranar Egon ta ƙarshe a aiki, kuma janar da kansa zai tuƙa. Egon ya daina cin man shanu don ya ci gwajin likita, ya rame, da daddare yana murmushi shi kaɗai kamar sabon ango.

Ranar gari ya yi garau. Na tsaya bakin rumfar jirage da kek ɗin da na toya wa abokan aikinsa. Ya fito cikin kayan matuƙa, hular kwano a hammata, suna ta tsokanarsa.

"Tsoho, ga leda, kada ka yi wa janar amai a ƙeya!"

Jirgin na Egon ne, don haka shi zai zagaya shi. Na ga ya durƙusa wajen tayar jirgin ta hagu. Ya shafa, ya dubi yatsunsa, ya sake shafawa. 

"Man birki yana tsattsafowa," ya ce. "Ba ya tashi yau."

Troels ya sauko daga tsani. "Egon, ba wani jirgin mai kujera biyu a nan, gobe kuma ina Kopenhagen. Ka tabbata?"

"Yaushe ka fara yi mini wannan tambayar?"

Janar ya haƙura. Ni ce na kasa. Na ce, "Ɗigo ɗaya fa, Egon! Sama da shekara talatin kana jira, yau ɗin ma ba za ka kau da kai ba?"

"Ai na riga na gani, Gudrun," ya ce.

Ya tuɓe kayan matuƙan, ya ninke, ya sa tsohuwar rigar aikinsa ya shige ƙarƙashin jirgin. Na san gaskiyarsa ce, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai, don na rasa wanda zan zaga. Sai na huce a kan Troels. Na gaya masa duk bazarar da ya ɓatar, a gaban yaransa, ya tsaya da taurarinsa a kafaɗa yana kallon ƙasa.

Da yamma Egon ya gama gyaran, ya miƙa kakinsa, muka dawo gida.

Washegari da hantsi muna tsakar gida sai ga jirgin ya keto ta kan rufinmu, wani matuƙi yana gwada shi, kujerar baya ba kowa. Egon ya ɗaga kai, ya bi shi da ido har ya ɓace wajen teku. Ya daɗe a haka, hannunsa a goshi.

"Zai sauka lafiya," ya ce. "Na ɗaure shi da kyau."

Na shige ciki na buga ƙofa, don kada ya ga ina kuka.