Ranar da Tanki Ya Durƙusa da Mai Shi

"Ai shi ya sa nake ce miki ba kaurin kwano ne ƙarfin ba," in ji Mai Tanki. "Falle ɗaya a shimfiɗe, da yatsa ma sai ki lanƙwasa shi. Amma a naɗe shi ya zagayo daidai, ƙato zai ɗauka."

"Ƙato irinka, Yaya?" in ji ƙanwar matarsa, tana ƙwanƙwasa jikin tankin da makulli. "Wannan fa da gwangwanin madara duk ɗaya."

Tankin ruwa ta zo saya don wurin wanki da ta buɗe, kuma tun daga ƙofa ta ce in bai yi mata ba, na roba za ta nema. Roba kuwa ita ta kwashe masa rabin masu ciniki. In har 'yar gida ma ta bi su, da wane ido zai dubi maƙwabta?

Tun yana saurayi siriri, duk tankin da ya gama wa walda sai ya hau kansa ya tsaya a gaban mai saye. Shekaru suka yi ta tafiya, kwanon kasuwa yana ramewa, shi kuwa girkin matarsa yana karɓarsa. Bai taɓa zama ya haɗa abu biyun nan a ransa ba.

Ya jingina tsani, ya hau yana nishi, ya miƙe a kan murfin, ya ware hannuwa.

"Kin gani?"

Sai tankin ya ce ɓam. Gefen da ke kallon bango ya lotsa ciki, sauran jikin ya tattare kamar hannun riga, ya sauko da mai shi har ƙasa a zaune.

"Wayyo Yaya! Ka ji ciwo?" Tana tambaya, dariya na cin ta.

"Ina! Dama saukowa zan yi, ya rage mini hanya."

Ya rarrafa ya nuna mata wurin. "Ga mafarin. Da safe tukunyar gas ta buge shi, ya ɗan loɓa kamar tafin hannu. Da zarar zagayen ya ɓaci, ƙarfin ya tafi. Na juya shi wajen bango don kada ki gani. Ke ba ki gani ba, shi tankin bai manta ba."

"To in na zuba ruwa fa?"

"Ruwa daga ciki yake tokare shi. Ni ne na danne shi daga sama, ga shi ba komai a cikinsa. Duk cikin yana wurina."

Ta share hawayen dariya da bakin mayafi. "Yi mini wani. Ka yi masa ɗamarar ƙarfe a sama da tsakiya. Kuma in ka sake hawa, na fasa."

"In za ki ba yayarki labari, ki ce a tsaye na sauko."

Ya kakkaɓe wando, ya ja sabon falle, ya nufi injin naɗi yana ɗingishi.