Lukmanu, Ga Abin da Baba Ya Ce

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Afrilu, 2009, bayan azahar, aka aiko mana nan Bunkure cewa motar da ta ɗauko ƙanena Lukmanu daga Kano ta yi hatsari kusa da Kura, kuma Allah Ya karɓi abinSa. Ni yayarsa ce, Kubra. Karatuna bai wuce firamare ba, amma shi mutumin rubutu ne, bai kamata ya tafi babu wanda ya rubuta masa komai ba.

Lukmanu, ka fara rubuta wasan kwaikwayo ne a wani gidan talabijin a Kano. Shekaru kana kai musu labari suna cewa a rage maganar ƙauye. Da ka gaji, sai ka ari kyamara ka dawo gida, ka tara samarin unguwa, kuka fara shirinku mai suna Bakin Kanal, wato bakin magudanar ruwan noman rani da manoma ke buɗewa kowa da ranarsa. Gajere ne, kashi-kashi. Kana zuwa Kano ka ɗora shi a intanet, yara kuma suna tura wa juna a waya har Kadawa da Garun Mallam.

Kowane kashi ni ka fara karanta wa. Kana zuwa ka same ni ina yanka tumatir na shanya, ka zauna a kan turmi ka ce, "Yaya, kar ki tsaya, ci gaba da aikinki." Idan na ajiye wuƙa ina sauraro, ka ce wurin ya yi. Idan na ci gaba da yanka, ka soke shi. Ranar da na yi dariya har na yanke yatsa, kai ka ɗaure mini shi da bakin zanena kana cewa, "Sannu Yaya, amma wallahi wannan kashin ya ci." Ba ka taɓa ɗaukar mutum a hoto ka sallame shi da yunwa ba. Talatu mai ƙosai ta ce tun da ka nuna rumfarta ciniki ya buɗe mata.

Sai kashin ɓarawon ruwa. Ka rubuta labarin manomin da ke toshe ruwan maƙwabcinsa ya karkatar da shi gonarsa ranar da ba tasa ba. A gonar Babanmu kuka ɗauka, domin ita ce kusa, Iliyasu abokinka kuma ya sa malafar Baba da ya gani a rataye, aka ɗauke shi ta baya. Kowa a nan ya san wannan gona, ya san wannan malafa. Mutanenmu ba su tsaya sun ce wasa ne ba. A kasuwa aka fara cewa, "Ashe Malam Hambali ne ke shanye mana ruwa? Ai ɗansa ne da kansa ya tona." Baba, wanda duk rayuwarsa bai taɓa buɗe ruwa ranar wani ba, ya daina amsa gaisuwarka.

Na ga yadda abin ya ci ka. Ka bi manoma gona-gona kana bayani. Ka sake wani kashi inda Iliyasu ya juyo kowa ya ga fuskarsa. Gari ya yi dariya ya manta, Baba bai manta ba. Duk Juma'a kana durƙusawa a ƙofar zaure, yana kallon gefe. Zuwanka na ƙarshe ka ce mini, "Yaya, duk duniya ta kalla, in Baba bai yafe ba me na samu?" Na ce ka yi haƙuri, zai huce. Ka tafi ba ka ji yafiyarsa ba.

Shi ya sa nake rubuta wannan. Bayan an yi maka sutura, kafin a fitar da kai, Baba ya shigo ɗakin. Ina bakin ƙofa. Ya durƙusa yadda kake durƙusa masa, ya dafa likkafaninka. Sannan ya ce, "Lukmanu, da mutanen gari nake fushi, kai na samu a kusa. Na yafe maka duniya da lahira. Ni ma ka yafe mini." Da kunnena na ji, ƙanena.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa wannan yafiya ta riske ka a inda kake. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Nafisat da ɗanka Amiru, da Iliyasu da sauran abokan aikinka. Baba kuma, Allah Ya sanyaya masa zuciya. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.