Arzika da Totur ɗin Jirgin Sama

Arzika Mai Inji mutumin Jiga Birni ne, a ƙasar Aliero. Gidansu manoman albasa ne kaka da kakanni, amma shi hankalinsa bai taɓa tsayawa a kan fangali ba. Lokacin da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato, injinan ban-ruwa sun fara shiga fadamu, mutane suna ajiye jigo. Arzika ya tafi Jega ya koyi gyaransu, ya dawo ya kafa rumfa a bakin hanya.

Mutum ne mai yawan tambaya. In ka kawo masa inji, zai gyara inda ya lalace, sannan ya kwance inda yake lafiya lau don kawai ya ga yadda aka haɗa shi. Manoma suna mita, amma gobe su sake kawowa.

Ƙanensa Bashar shi ya yi boko. Bayan shekara ta dubu biyu da kaɗan ya buɗe shagon buga takardu a Jega, da wata tsohuwar kwamfuta da ya saya gwanjo. Wanda ya riga shi mallakarta ya bar wasan tuƙa jirgin sama a ciki, kuma a ƙasan kwalin akwai karyayyar sandar da ake tuƙin da ita.

Wata ranar kasuwa Arzika ya zo sayen kayan gyara, ya biya shagon ya duba janareta. Ya tarar da Bashar yana danne-danne, wani jirgi mai farfela biyu yana gudu a kan gilashin kwamfutar.

"Mi kaka yi haka?" in ji Arzika.

"Jirgi nika tuƙawa, Yaya."

Arzika ya jawo benci. Ya ga ƙasa ta yi nisa, gonaki sun koma kamar tabarmi. Amma kunnensa yana kan ƙarar.

"Ina totur nai?"

Bashar ya nuna masa maɓalli guda.

"Inji biyu, totur guda? To in na ƙara ma na dama wuta, na rage ma na hagu, mi zai faru?"

Bashar ya ce bai taɓa gwadawa ba. Ana iya yi da maɓallai, amma kafin ka lalubo su jirgin ya faɗi.

Tambayar nan ta bi Arzika har gida. Shi dai ya san ko inji biyu kamfani ɗaya ya ƙera su, ba sa jan ruwa daidai. Yana son ya ji kowanne a hannunsa. Ya karɓi karyayyar sandar, ya hau babur ya kai wa abokinsa Labbo, mai gyaran rediyo a Maiyama. Suka buɗe cikinta. Labbo ya yi dariya.

"Ai wanga abin murɗa murya ne, irin na rediyo. Ga su nan cike da kwano."

Kwamfutar tana da rami ɗaya a baya da ke karɓar irin waɗannan abubuwa huɗu. Biyu na tuƙi ne, saura biyu babu kowa a kansu. Arzika ya ce nasa ne. Kafinta ya haɗa masa ƙaramin akwati, shi kuma ya lanƙwasa hannayen birkin keke guda biyu ya kafa a kai, Labbo ya liƙa wayoyi da dalma. Bashar ya sha fama kafin ya nuna wa wasan cewa kowane hannu da injinsa.

Gwajin farko bai yi kyau ba. Sun juya waya, in Arzika ya tura gaba sai inji ya mutu. Da aka gyara wannan, sai na hagu ya ƙi tafiya a hankali: shiru, shiru, sannan ya zabura gaba ɗaya. Labbo ya daɗe yana canje-canje kafin ya gane cewa ba duk abin murɗawa ne yake tashi daidai-wa-daida ba, ya samo masu irin da ya dace.

Ranar da abin ya yi, Arzika ya tashi jirgi, ya daidaita shi a sama, sannan ya ja hannun hagu baya. Hancin jirgin ya karkata hagu, fiffike ya sunkuya, ƙasa ta taso ta tarye shi. Arzika ya buga cinya.

"Ashe inji mai rai ne ka tura jirgin wajen matacce! Sake min."

Daga nan duk ranar kasuwa yana shagon. Direbobin tasha da mahauta sukan leƙo su kalli mai gyaran inji yana kashe injin jirgi da gangan. A hankali ya koyi riƙe shi da inji ɗaya.

A shekarar da albasa ta yi kyau, 'ya'yan suka haɗu suka biya wa mahaifiyarsu, Inna Gudiya, kujerar Makka. Da ta zo Jega ɗaukar hoto, ta zauna hutawa a shagon Bashar, ta ga akwatin.

"Wanga shi na abin da ka hana ka zama gida?"

"Shi na, Inna."

"Miƙo in taɓa."

Ta kama hannayen biyu ta tura, ƙara ta tashi, ta saki da sauri, ta sake kamawa. Sai ta ce ya tashi jirgin ya kashe inji ɗaya, tana son ta ga abin da zai same ta. Arzika ya yi. Ya kuskure titin sauka, ya dire a cikin ciyawa, amma jirgin bai kife ba.

"To," in ji Inna, "in direbanmu ya ɗara ka iyawa ko kaɗan, na yarda."

Da ta dawo daga aikin hajji, ana ta zuwa barka, ta sa aka kira mata Arzika. Ta ce nasu jirgin inji huɗu gare shi, ta leƙa ta taga ta gani. Ta tambayi yarinyar da ke raba abinci ina totur ɗin yake, aka ce yana gaba, ba a shiga.

"Amma ga abin da ban gane ba. Da muka taɓa ƙasa, maimakon injinan su yi shiru, sai suka ƙara ruri. Mai son tsayawa shina ƙara wuta?"

Arzika ya ce zai bincika. Washegari ya tafi Jega. Shi da Bashar suka bincika manyan jiragen da ke cikin wasan, suka gano cewa bayan an dire, injin yakan juya iskarsa gaba don ya tare gudun. Ya dawo ya yi wa Inna bayani da mafici a hannu, ta ce yanzu ta ji magana.

Ya so ya yi akwati mai hannu huɗu, amma ramin kwamfutar ba zai ɗauka ba. Da damina ta zo, tsawa ta ƙone kwamfutar, sabuwar da Bashar ya saya kuma ba ta da wannan ramin sam. Arzika ya ɗauki akwatin ya kai gida, matarsa Kubura ta cire wayoyin ta mai da shi ma'ajin zare da allura. Shi kuma ya ci gaba da gyaran injinan ban-ruwa har gemunsa ya yi fari, kuma har yau bai taɓa shiga jirgin sama ba.