Karen da ya yi ritaya kafin ni

A shekarun da nake aikin kula da tsofaffi a Bronx, an tura ni gidan wani dattijo Bature mai ciwon gwiwa. Ina ce masa Baba, ya ɗauka sunan da na raɗa masa ne, ban gyara masa ba. Muna zaune lafiya har ranar da 'yarsa ta shigo da kare, wai don ya ɗebe masa kewa.

Ni da aka raina a gidan da ko inuwar kare ba ta shiga, sai ga ni da kare mai furfura da shuɗayen idanu a tsakiyar falo. 'Yar ta ce daga Alaska yake, irin waɗanda ake ɗaura wa amalanke marar taya su ja ta a kan ƙanƙara, kuma shi ne jagaban ayarinsu. Wata rana mai shi ya umarce shi ya bi ta kan daskararren kogi, ya ƙi, aka tilasta masa, ƙanƙarar ta fashe da su. Duk sun tsira, amma daga ranar ya daina jin maganar ɗan Adam, sai aka sallame shi daga aiki.

"To ai ya fi wasunmu hankali," in ji Baba.

Karen ya shige ƙarƙashin tebur ya yi zamansa. Wanda ya ratsa dajin ƙanƙara, ƙarar injin shara ce ke sa shi karkarwa. Abinci sai ya ga dama. Baba ya yi ta kiransa da daɗaɗan kalamai, ko kunne bai motsa ba. Ni kuwa na gaya masa da Hausa cewa kada ya taɓa ni, ni ma ba zan taɓa shi ba, yawunsa kuma ya riƙe abinsa. Duk gidan ni kaɗai ce ba na neman shiri da shi, saboda haka ni ya zaɓa. Ina kicin, yana bakin ƙofa. Na shimfiɗa darduma, ya kwanta daga nesa yana gadi, kamar wani ya sa shi.

Gwiwar Baba ta sa fita da shi ya dawo kaina. Nakan sa safar hannu, in ja hijabi har goshi, ina addu'ar kada in haɗu da 'yan garinmu.

Wata safiya dusar ƙanƙara ta rufe gari. Na fita da shi da keken cefane, na sayo shinkafa da mai da albasa a shagon wani Alhaji ɗan Kumasi. A hanyar dawowa tayoyin suka kafe. Wayata ta yi ƙara, sai na ɗaura igiyarsa a jikin keken don in samu hannu. Da ya ji nauyi a bayansa, sai na ga ya miƙe ƙafafu, ya sunkuyar da kai, ya tuma. Keke ya bi shi, albasa na watsewa, ni kuma ina biye da gudu ina "Tsaya! Kai, tsaya don Allah!" Alhaji ya fito ƙofar shago yana riƙe ciki don dariya.

"Hajiya, ke ce ke kiwonsa ko shi ke kiwonki?"

A ƙofar gidan Baba na tarar da shi, harshe waje, yana kaɗa wutsiya. Ranar ya cinye kwanonsa tas. Kafin Juma'a labari ya kai kunnen 'yan garinmu da ke unguwar Harlem, har da ƙarin cewa a kan keken nake zaune.

Daga nan halinsa ya sauya. Ya bar ƙarƙashin tebur, ya fara yarda Baba ya shafa kansa, kullum kuma yana jira a gaban keken cefane. Sai dai kada a ɗauka ya koma biyayya. Ya amince da ni, bai amince da shawarata ba. In na ce dama, sai ya tsaya ya yi nazari. Wata rana ya toge a bakin wata kwana, na ja ya ƙi. Na tuna kogin nan, na bi shi muka yi dogon zagaye. Washegari na je na duba kwanar. Babu komai, sai tsohuwar katifa da aka yar.

Da jikin Baba ya yi tsanani aka yanke shawarar kai shi gidan tsofaffi, 'yarsa ta tambaye ni ko zan riƙe karen. Na yi dariya na ce maigidana zai haɗa ni da shi ya kora. Amma na kwana biyu ina auna faɗin ɗakinmu da ido.

Wani mutum mai gona a arewacin jihar, wanda ke da karnuka irinsa da yawa, shi ya zo ɗaukarsa. Na shirya yadda zan lallashi karen in ya ƙi tafiya, har na cire safar hannu don in shafa kansa karon farko. Yana jin kukan 'yan uwansa a bayan mota ya yi tsalle ya shige, ko waiwaye babu. Na tsaya a gefen titi da hannu tsirara. Mutumin ya tambaye ni ko lafiya, na ce masa sanyi ne ke sa idona ruwa.